Fentin mota ya yamutsa mana fiffiken Spitfire, yarona kuma ya kwana da ciwon kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya kawo wa ɗana mai shekara 12 ɗan ƙaramin jirgin Spitfire na roba daga Ingila, kwaikwayon jirgin yaƙin Birtaniya, ƙirar kamfanin Airfix, ma'aunin 1:72, wato na gasken ya ninka shi tsawo sau 72. Mun harhaɗa shi lafiya lau da sufa-gulu. Wani mai fentin mota ya ce mu fesa masa fentin gwangwani na mota, muka fesa a ɗaki da daddare, tagogi a rufe saboda sanyi. Da safe fiffike ya yamutse kamar fatar tsoho, gilashin matuƙi ya yi fari fat. Yaron ya kwana da ciwon kai da tashin zuciya. Mai fentin ya ce a ba shi madara, za ta wanke komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wani uba, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye jirgin tukuna, mu fara da yaro. Idan har yanzu kansa na sarawa, ko yana jiri, amai, tari ko numfashi da ƙyar, kai shi asibiti yau, ka riƙe gwangwanin a hannu likita ya ga abin da ya shaƙa. A buɗe ɗakin ya sha iska, kada kowa ya kwana ciki sai warin ya fita sarai.

Maganar madarar nan kuwa ta ishe ni. Kusan duk garejin da na leƙa sai na tarar da yaro ya gama feshi, hancinsa ya rine da launin motar, an miƙa masa gwangwanin madara an ce magani ne. Tururin tina, wato ruwan da ake sirka fentin mota da shi, ta hanci yake shiga, ya sauka huhu, ya bi jini ya hau ƙwaƙwalwa. Madara ciki take tafiya. A ina za su haɗu har ta wanke shi? Illar wannan camfi ita ce mutum ya sha madararsa ya saki jiki, gobe ya koma feshi ba kariya, shekara da shekaru, har hanta da jijiyoyi su fara biyan bashi. Wanda ya ba ka shawarar shi ma haka ubangidansa ya gaya masa, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Haka takunkumin ƙyalle ko na asibiti, ƙura yake ragewa, tururi ratsa shi yake kamar babu. Mai tare tururi shi ne na roba mai matatar gawayi a gefe biyu. Ga kuma abin da ya fi tayar min da hankali: na san Jos a watan Disamba, ƙofa a rufe, kaskon gawayi na ci a lungu. Tururin nan wuta yake kamawa. Allah ne ya tsare ku, Malam. Yaro amana ne, kada a sake.

Jirgin kuma, robarsa folistirin ce, dangin farin soson da ake sako talabijin ciki. Ka san yadda ake jefa soson nan a fetur ya narke a liƙe kwanon rufi da shi? To abin da tinar fentin mota ta yi wa fiffiken ke nan. Bai mutu ba. Bar shi mako guda ya bushe ƙamas, ka goge da samfefa lamba 600 da ruwa, ka bi da 1000, a hankali don kada layukan jikinsa su shafe. Farin gilashi kuwa mai yiwuwa hayaƙin sufa-gulu ne. Ɓamɓare shi da lallami, ka murza da man goge baki a tsumma mai laushi, ka mayar da farin gam na kafintoci, wanda in ya bushe ba a ganinsa.

Fenti, nemi akirilik mai narkewa a ruwa, ka shafa da burushi. Jirgin da faɗin fukafukansa bai kai santimita 16 ba, me ya kai shi feshi? Sirka fentin ya yi ruwa-ruwa, shafi uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Shafin farko zai yi dabbare-dabbare, kada ka karaya, haka yake. Idan Mk.I ne, wato samfurin Spitfire na farko, na yaƙin sararin samaniyar Birtaniya a 1940, bayansa ruwan ƙasa ne da kore mai duhu, cikinsa, wato ɓangaren ƙasa, fari-fari mai ɗan kore. Toka-toka da kore sai daga Agustan 1941 aka koma musu, saboda haka duba takardar cikin kwalin kafin ka sayi launi. Fara da cikin, sannan ruwan ƙasa, kore a ƙarshe. Bar wa yaron koren ya zana da hannunsa, ko ya ɗan karkace ba laifi. Ku yi da rana a tsakar gida, kuma da zarar kun shafa ku kifa masa kwano, don ƙurar hunturu ba ta jiran fenti ya bushe.