Tambaya da Amsa: Kofin takardar kotu a Saudiyya da masu cin kuɗin mutane

Wata baiwar Allah daga Karantina a Jidda ta rubuto, takardar sakinta ta ɓace, ga manemi ya fito a Kano, wai ko barci ba ta yi. Ƙanwata kwantar da hankalinki, takarda ce ta ɓace, hukuncin yana nan a wurin kotu. Ki shiga shafin Najiz na ma'aikatar shari'a ta hanyar Nafath, manhajar da ke tabbatar da cewa ke ce, in dai iƙamarki (katin izinin zama) da Absher ɗinki (asusunki na ayyukan gwamnati) suna aiki za ki nemo sakkin, wato takardar kotun, ki sauke. In abin ya cije ki kira 1950, lambar ma'aikatar shari'a. Tunda gida za ki kai, kada ki tura haka nan, ki bi ta harijiyya, wato ma'aikatar harkokin waje, su sa hatimi sannan ofishin jakadancinmu na Jidda.

Wani kuma daga Shara Mansur a Makka yana son kofin shari'ar maƙwabcinsa da kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, wai don ya san gaskiyar magana. Malam ina ruwanka? Ba kai ka kai ƙara ba, ba kai aka kai ba, ba ka da wakala, ba za a ba ka ba.

Sai mai tambaya ko ya ba mu'akkib, wato mai bin takardu a ofisoshi a biya shi, riyal 500 ya ciro masa sakkin shari'arsa ta albashi. A'a wallahi. Wannan abu yana ci min rai, mutum an danne masa albashin watanni ya sha wahala ya ci shari'a, sannan ya ɗauki kuɗin da zai tura wa iyali ya miƙa wa wani a kan abin da ke cikin wayarsa, shi kuma mu'akkib ya ce turo min lambar da ta shigo maka, kana danna amincewa a Nafath ka ba shi ƙofar duk abin da ke kan sunanka. Wasu ma takardar bogi suke bugowa da tambari da komai ta yi kyau, ranar da ka kai ta mahkamar tanfiz, kotun da ke zartar da hukunci, kai za a riƙe, shi ya kashe waya. Duk sakkin da aka miƙo maka, Najiz na da wurin tantancewa, sa lambar ka gani da idonka.

In larabci ne matsalar, zaunar da ɗanka ko ɗan'uwan da ka yarda da shi, wayar tana hannunka. In kuma hukuncin bai maka ba, ka lura kwana 30 ne na ɗaukaka ƙara a yawancin shari'u, kada mu'akkib ya cinye maka su da gobe jibi.