Ka fara da gem ɗin da ka sani ciki da bai

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son shiga harkar mod, wato gyara gem ko ƙara masa abin da kamfani bai sa ba, amma ba ka iya rubuta kod ba, kuma kana mamakin masu ɓata watanni a kan aiki su sake shi kyauta. Na ga wasu sun ce ka je ka koyi C++, wani yaren rubuta kod, tukuna. Ni dai ban goyi bayan wannan shawara ba. Bari in ba ka labarin yadda na fara, sai ka auna da kanka.

Gem na farko da na sa wa hannu shi ne GTA San Andreas a kwamfuta. A cikin foldar data akwai wani fayil mai suna handling.cfg, ko da Notepad ana buɗe shi. Lambobi ne jere, kowace mota da layinta: nauyinta, ƙarfin birkinta, iyakar gudunta, yadda taya ke kama titi. Na nemo layin wata mota mai suna Infernus, na zaftare nauyin, na ƙara gudun yadda raina ya so. Ina shiga gem na taka wuta, ina hawa wani ɗan tudu sai motar ta tashi sama kamar leda a iska, ta dawo ta kifa a kan rufinta, ta kama da wuta. Na yi dariya har da hawaye. A daren na gane cewa gem ba tsafi ba ne, fayiloli ne, kuma wasunsu rubutu ne da mutum zai iya karantawa.

Kashegari kai ya kumbura. Na sauko da wata mota da wani ya ƙera, fayil biyu ne, na dff mai siffar motar da na txd mai fentinta, na cusa su cikin gta3.img, babban fayil ɗin da gem ke ajiye motocinsa, da manhajar IMG Tool. Ban ajiye kwafin asalin fayil ɗin ba. Gem ya kai rabin lodi ya fice, na sake gwadawa ya sake ficewa. Dole na goge komai na sa shi daga farko. Ba laifin kowa ba ne sai nawa, kuma tun ranar ba na taɓa fayil sai na kwafe shi gefe na sa masa kwanan wata.

Game da mamakin da kake yi, harkar ta tsufa. Lokacin da id Software ta fitar da Doom a 1993, ta ware hotuna da taswirori da sauti a cikin fayilolin WAD, daban da injin gem ɗin, don haka mutane suka samu ƙofar shiga. Counter-Strike da ake ta gasa a kansa yau, mod ne na Half-Life da Minh Le da Jess Cliffe suka fitar a 1999, Valve, kamfanin da ya yi Half-Life, ta saye shi a 2000. Dota taswira ce da 'yan wasa suka gina a cikin Warcraft III. Brendan Greene ma da mod ɗin Arma ya fara kafin PUBG ya fito a 2017. Waɗannan su ake yawan ambata, amma kada su ruɗe ka, domin yawancin masu mod ba wanda zai taɓa sayen aikinsu.

Ni waɗanda suka fi burge ni su ne masu gyaran ɓaraka. Da Dark Souls ya zo kwamfuta a 2012, hotonsa a kulle yake a 1024 da 720, dishi-dishi komai girman allonka. Wani mai kiran kansa Durante ya fitar da DSfix, ya buɗe wannan kulle, har ya zama kusan ba mai buga gem ɗin sai da shi. A 2021 kuma wani mai suna t0st a intanet ya gaji da jiran lodin GTA Online, ya zauna ya bi diddigi, ya gano cewa gem ɗin na karanta wani fayil na kusan megabait 10 mai ɗauke da kaya wajen 63,000 ta wata hanya mai cin lokaci. Ya rage lodin da kusan kashi 70 cikin 100. Rockstar, kamfanin da ya yi GTA, ta tabbatar da bincikensa, ta sa gyaran a cikin gem, ta ba shi dala 10,000. Mutum ɗaya ne fa, haushin jira kawai ya sa shi.

Abin da ba a gani daga waje shi ne wahalar riƙon mod bayan an sake shi. Kamfani na sabunta gem, mod ya karye, sai mutane su yi wa mai shi caa kamar suna binsa bashi. Masu Fallout: London, wani babban mod na Fallout 4, sun shirya fitar da aikinsu na shekaru a watan Afrilun 2024, sai ga babban sabuntawar Fallout 4 a daidai lokacin, dole suka ɗaga zuwa Yuli. Na taɓa sakin wani ɗan mod, ba wani abin a zo a gani ba, farashin kaya kawai yake canzawa a cikin gem. Saƙon farko da na samu kalma uku ce: ba ya aiki. Bai faɗi sigar gem ɗinsa ba, bai faɗi sauran mod da ya sa ba. Na kwana biyu ina nema, ashe bai sa wani mod da nawa ya dogara da shi ba, alhali na rubuta hakan a layin farko na bayani. Tun daga nan na daina yi wa masu mod gajen haƙuri.

To, ta ina za ka fara? Ka zaɓi gem ɗin da ka buga har ka gaji da shi, domin sai ka san yadda abu yake kafin ka gane ka canza shi. Kuma kafin ka ƙirƙiri naka, ka yi 'yan makonni kana sa na mutane. Ka karanta shafin bayani tun daga sama har ƙasa, musamman wurin da aka lissafa abin da mod ɗin ke buƙata. In Skyrim ne ko Fallout, ka yi amfani da Mod Organizer 2 ko Vortex, manhajojin da ke sa maka mod su kuma cire. Ni na fi son na farkon, saboda ba ya zuba komai a cikin foldar gem, kowane mod na zaune a ɗakinsa, in ka cire alama shi ke nan ya fita. Wata manhaja kuma mai suna LOOT za ta jera maka mod ɗin yadda ya kamata a loda su, domin in mod biyu suka taɓa abu ɗaya, wanda aka loda daga baya shi ke rinjaye.

Kada ka zuba hamsin lokaci guda. Na san za ka yi, kowa ya yi. In gem ya fara ficewa, ka kashe rabinsu ka gwada. In matsalar na nan, mai laifin yana cikin rabin da ka bari, sai ka sake raba shi biyu. Ko mod 64 ne, gwaji shida ya isa ka kama shi. Kuma ka buɗe sabon wasa don gwaji, kada ka yi a kan ajiyar da ka yi wata uku kana ginawa, domin wasu mod na barin saura a cikin ajiya ko bayan an cire su.

In ka zo yin naka, ka nemi mafi ƙanƙantar abin da ke ba ka haushi a gem ɗin. A Minecraft, hoton kowane bulo fiksel 16 ne a tsaye 16 a kwance, kana iya sake masa fenti da manhajar gyaran hoto GIMP a zama ɗaya. A Stardew Valley kuwa akwai SMAPI, mai loda mod a cikin gem, da Content Patcher, mai canza abubuwan cikinsa, waɗanda Pathoschild ke kula da su, kuma da fayil biyu, manifest.json da content.json, za ka canza maganar mutanen gari ko kamanninsu ba tare da kod ba. A nan za ka san darajar waƙafi: guda ɗaya ya ɓace, komai ya tsaya. Sa'ar ita ce baƙin allon SMAPI yakan nuna maka fayil da layin da ya samu matsala, in dai za ka karanta jan rubutun maimakon ka rufe shi da sauri. Skyrim yana da manhajar yin mod ta kamfani, Creation Kit, kyauta tun 2012, sai dai yana da nauyi kuma yakan fice ba sallama, don haka ka riƙa ajiye aiki akai-akai. Kod zai zo da kansa ranar da kake son wani abu da waɗannan kayan suka kasa yi maka, kuma a ranar koyonsa zai yi sauƙi tunda ka san abin da kake nema. Ni sai bayan shekara biyu na rubuta layin farko.

Abu biyu ba na wasa da su. Kada ka shiga wasan intanet da mutane da fayilolin da ka taɓa, asusunka za a rufe, kuma mai cutar abokan wasa ba ya cikin sahun masu mod. Sannan wajen sauko da mod ka tsaya a sanannun shafuka, Nexus Mods, Steam Workshop, Modrinth ko CurseForge. Ko a nan ɗin ma ido a buɗe, domin a watan Yunin 2023 an kutsa asusun wasu masu mod ɗin Minecraft aka cusa wata cutar kwamfuta mai suna fractureiser a cikin fayilolinsu. Duk shafin da ya ce sai ka kunna wani fayil ɗin manhaja mai ƙarewa da exe kafin ka samu fentin mota, ka juya.

Buɗe aikin wani don ka koya ba laifi ba ne, haka kowa ya koya. Ɗora shi da sunanka kuwa sata ce. Kowane shafi a Nexus yana da sashen izini, ka duba, in ba ka gane ba ka tura wa mai shi saƙo, yawancinsu suna amsawa da fara'a. In mod ya yi maka daɗi ka koma ka danna masa alamar yabo, in ya ba ka matsala ka rubuta sigar gem ɗinka, jerin mod ɗinka, da abin da kake yi daidai lokacin da ya fice.

Yanzu ka faɗa min gem ɗin da kake bugawa, da ko a Steam ka same shi, sai in nuna maka fayil ɗin da za ka fara buɗewa. Ka kwafe foldar gefe kafin in dawo.