Amsoshin Tambayoyinku: Yumɓu, Ramin Gashi da Zaɓen Randa

Assalamu alaikum. Na koyi ginin tukwane wajen kakata tun ina yarinya, yanzu ina so in koma wa sana'ar. Maigidana yana da gonar masakwa mai baƙar ƙasar karal. In haƙa a can kyauta, ko in riƙa sayen yumɓu wajen masu kawowa a amalanke? Daga wata uwargida a Marwa.

Wa alaikumus salam, uwargida. Kada ki yi cinikin amalanke ko ɗaya sai kin gwada ƙasar duka biyu, ta gonar da ta masu sayarwa. Karal yumɓu ce ta gaske, amma irin mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke sosai idan ta bushe. Shi ya sa da rani za ki ga gonar ta dare har hannu ya shige. Abin da take yi a gona shi za ta yi a jikin tukunya idan kika gina da ita zalla.

Ki kawar da ƙasar sama mai saiwoyi, ki ɗebo daga zurfin kamu ɗaya, kusan rabin mita ke nan. Ki shanya ta bushe ƙarau, ki daka a turmi, ki tankaɗe da ragar taga, sannan ki jiƙa ta kwana biyu kafin ki cuɗa. Murza ɗan curi ya yi kaurin yatsa, ki naɗa shi a yatsanki. In ya naɗu bai tsage ba, yana da danƙo. In ya kakkarye, yashi ya yi masa yawa. Bayan haka ki yi ɗan falle kamar tafin hannu, ki ja layi mai tsawon santimita 10 a kai, ki bar shi a inuwa ya bushe. Layin da ya koma 9 da rabi ko kusa da haka ƙasa ce mai sauƙin aiki. Wanda ya gaza 9 yana neman gauraye, kuma karal yawanci nan take faɗawa.

Gaurayen da ya fi kowane shi ne dakakken tsingaro, wato fasassun tukwanen da suka riga suka sha wuta, domin su sun gama tsukewarsu. Ki fara da mudu uku na yumɓu, mudu ɗaya na tsingaro. In har yanzu fallen yana tsagewa, ki koma biyu da ɗaya. Na randa ki bar shi da girman ƙwayar gero, na tukunyar miya ki ƙara lallasa shi. Yashin Mayo Kaliyawo ko Mayo Tsanaga, kogunan Marwa, shi ma yana yi in an wanke shi, sai dai in ya yi yawa tukunya takan yi gautsi. Ƙaiƙayi da busasshen kashin jaki suna ƙonewa a wuta su bar ƙananan ƙofofi, to wannan ya dace da randa da tulu.

Akwai abu ɗaya da muke so ki sa wa ido ƙwarai a ƙasar karal: 'yan fararen tsakuwoyi masu kama da alli. Ki ɗiga wa ɗaya ruwan lemun tsami, in ta yi kumfa to ita ce. Irin wannan tsakuwa takan toye a cikin wuta, tukunya ta fito lafiya lau, ki sayar, bayan mako ɗaya ko biyu tsakuwar ta sha laimar iska ta kumbura ta ɓantare jikin tukunyar, a bar rami da farin ɗigo a tsakiya. Mai saye ba zai san dalili ba, ke zai zarga. Maganinta tankaɗe mai kyau tun ƙasar tana gari, sannan ki tsoma tukwanen cikin ruwa da zarar sun huce.

In ƙasar gonar ta ci waɗannan gwaje-gwaje, ki yi aiki da ita, ki haƙa a gefe bayan an girbe masakwa. In za ki saya, ki fara da kwano ɗaya, ki tambayi ramin da aka ɗebo, ki riƙe mutum ɗaya, domin kowane rami da halinsa. Ramin da ba naku ba, sai a nemi izinin mai wurin ko jauro, wato mai unguwa. Kuma don Allah kada a tura yara su rarake gindin gaɓar mayo, gaɓa tana ruftawa.

Ni da ƙanwata muke gasa tukwane a rami da kara da kashin shanu. A cikin goma, huɗu ko biyar suna fashewa. An ba mu shawara mu tara kuɗi mu gina matoya ta bulo, mu koma sayen itace. Ya kuka gani? Daga wata maginiya a Garwa.

Malama, ku riƙe kuɗinku tukuna. Fasasshiyar tukunya tana nuna abin da ya kashe ta, kuma yawanci tun kafin a kunna wuta aka yi ɓarnar. Ku tara na gashin da ya wuce ku duba.

Wadda ta yi ƙara tun farkon wuta, gindinta ya yi tsalle ya ɓaɓɓare, ruwa ne ya rage a cikinta. Ruwa yana zama tururi a digiri 100, in bai sami hanyar fita ba sai ya fasa. Gindi ya fi ko'ina kauri, shi ke ƙarshen bushewa, ko da baki ya yi fari tas. Wadda ta rabu a kwance daidai inda aka ɗora wani murjin yumɓu kan wani, haɗin ne bai kama ba. Wadda ta tsage daga baki, tsagar ta yi faɗi gefenta ya yi kaushi, tun wajen shanya ta fara, sau da yawa iskar hunturu ce ta busar da bakin kafin jiki. Tsaga siririya mai kaifi kamar ta gilashi kuwa ta sanyi ce: an janye tukunya da wuri ko iska ta buge ta tana da zafi. Yashin da ke cikin yumɓu yana buɗewa farat ɗaya a wajen digiri 573, ya koma ya tsuke a daidai nan lokacin hucewa, shi ya sa gaggawa ke kashe tukunya a hawa da sauka. Matoyar bulo za ta taimaka a wannan na ƙarshe kaɗai.

Ga yadda za ku rage asarar da ramin da kuke da shi. Tukunya ta yi kwana huɗu zuwa bakwai a ɗaki, a rufe bakinta da tsumma in ana hunturu, a kife ta da zarar baki ya yi ƙarfi don gindi ya sha iska. Randa tana bukatar fiye da haka. Sai a fito da su rana kwana biyu. Ranar gashi a jera su kewaye da ƙaramar wuta, bakinsu na kallon wutar, ana juyawa ana matso da su sa'a ɗaya ko biyu, har su yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba. Ku kara madubi a bakin babbar cikinsu: in ya yi hazo, da sauran ruwa.

Ramin kansa zurfin gwiwa ya isa. A ƙona ciyawa a ciki tun jajibiri don ƙasar ta bushe. A shimfiɗa ƙirare da kashin shanu a ƙasa, a kife manyan tukwane a tsakiya, ƙanana a gefe da sama, a cusa kashin shanu a tsakankaninsu, a lulluɓe da manyan tsingaro don harshen wuta kada ya dafe su kai tsaye, sannan kara da ciyawa a bisa. A kunna da yamma lis ko da asuba lokacin da iska ta kwanta, daga ɓangaren da iska ke nufa, yadda wuta za ta ci a hankali tana komawa baya. Irin wannan gashi yana kaiwa digiri 600 zuwa 900. Ba ku da ma'auni, amma kuna da ido: in duhu ya yi ku leƙa ta tsakanin tsingaro, tukwanen su yi ja kamar garwashi ko'ina, har na gefe. Inda ya rage baƙi a ƙara makamashi a nan. Daga nan a bar su cikin toka su kwana.

Batun itace, ba mu ga dalilin sauyawa ba. Kara yana tashi da sauri ya mutu da sauri, kashin shanu shi ke riƙe zafi, haɗin biyun ya wadatar. Karan auduga da ake samu a yankinku bayan tsinka ma yana ci da ƙarfi. Manyan gumagumai suna da tsada, kuma in sun cinye sukan zame su faɗa kan tukwane. Taya da leda kada su kusanci abin da za a ci abinci a ciki. In kuna son kashe wani abu, ku zagaye ramin da katangar ƙasa iya ƙugu, ku bar ƙofofin iska huɗu a gindi. Tana tare iska, tana rage makamashi, kuma da hannunku za ku gina ta.

Na sayi randa ta Gawi, ruwanta na da sanyi amma jikinta kullum a jiƙe. Maigida ya ce a shafe ta da siminti ko a sayi robar ruwa. Daga wata amarya a Njamena.

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Matan ƙabilar Kotoko na Gawi, ƙauyen da ke kusa da Njamena, sun daɗe da suna a ginin manyan randuna, kuma wannan jiƙewar ita ce aikin randa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa a iska ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. In aka shafe ta da siminti ko fenti, sanyin ya tafi.

Abin dubawa shi ne ko gumi take yi ko yoyo. Ki ɗora ta a kan duwatsu uku, ki sa kwano a ƙasa ta kwana. Sabuwar randa takan ɗiga kaɗan a makonnin farko, ta rage da kanta. In ruwa yana bin layi ɗaya yana gangarowa, tsaga ce, ki mayar da ita ta zuba hatsi. Gaba in za ki sayi wata, ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa: mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga ko wadda ba ta gasu ba takan yi "ɓus". Ki jiƙa yatsa ki goga a ciki, in ya fito da laka ki ajiye ta. Ki sa murfi da moɗa mai mariƙi, a wanke randar duk mako, domin sanyaya ruwa take yi, ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

Baƙar tukunya ko ja, wacce ta fi ƙarko a murhu? Daga wani mai tuwo-tuwo a Kusuri.

Malam, launin bai nuna ƙarko. Ja ta sha iska a wuta, baƙa an turnuƙe ta da ƙaiƙayi tana da zafi, ko an yayyafa mata ruwan bagaruwa, wanda ke ɗan toshe ƙofofin jikinta, don haka ba ta cika shan miya ba. Ka zaɓi mai zagayayyen gindi, kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa, wadda ake ganin ƙwayoyin tsingaro a jikinta. Kafin girkin farko ka jiƙa ta ta kwana, ka dafa ruwan dusa ko kunu a ciki a kan wuta kaɗan, kuma kada ka zuba mata ruwan sanyi tana kan murhu babu komai a ciki.