Ko Sai da Lasin Dillanci Ake Zuba Jari a Gidaje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano da ke dab da yin ritaya, kuma ina da niyyar zuba kuɗin sallamata a filaye da gidajen haya. Ƙanena da ke Amurka ya ba ni shawarar in fara neman lasin dillancin gidaje, wai zai rage mini kuɗin la'ada. Shin wannan ya wajaba a kaina?
Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, shawarar ƙanen naka ta dace da inda yake zaune, domin a Amurka kowace jiha ce ke ba da lasin bayan kwas da jarrabawa, kuma mai lasin kan iya samun rabonsa na la'ada a cinikin da ya yi wa kansa. A Najeriya kuwa, wanda zai sayi gida da kuɗinsa, ya zuba 'yan haya, ko ya sayar idan ya yi daraja, ba ya bukatar wani lasin. Rajista ta shafi wanda ke yi wa jama'a aiki ana biyansa.

Hukumar ESVARBON, wadda Doka ta 24 ta shekarar 1975 ta kafa, ita ce ke yi wa ƙwararrun masu ƙiyasta darajar kadarori rajista, kuma kafin a kai ga haka sai an yi karatun fannin a jami'a ko kwalejin fasaha, an ci jarrabawar ƙungiyarsu ta NIESV, sannan an yi horo a ƙarƙashin ƙwararre. A ganina wannan doguwar hanya ce ga mai son gida biyu ko uku. Amma idan ka kai ga buɗe kamfanin cinikin gidaje, to sai ka yi rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka kuma karɓi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna ke nema kafin su buɗe wa irin wannan kamfani asusu.

Game da la'ada, ko da lasin a hannunka ba za ka tsallake dillalin unguwa ba, tunda shi ya san gidan da magada ke shirin sayarwa tun kafin labari ya fita. Abin da ya fi shi ne ku yanke la'adar tun kafin a sallama, a rubuta, a kuma fayyace yawan dillalan da za su raba ta, domin ranar biya sukan ƙaru.

Inda ya kamata ka kashe kuɗi da lokaci shi ne binciken takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma mayar da mallakar fili mai takardar shaidar mallaka zuwa sunan wani sai da amincewarsa. Saboda haka kafin ka biya ko kafin alƙalami, ka sa lauya ya bincika fayil ɗin a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a tabbatar sunan mai sayarwa ne a ciki, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, sai dai ba ta maye gurbin wannan bincike. Idan gidan gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kuma duk magadan da gidan ya faɗo a rabonsu su sa hannu, har da matan da ke aure a wasu garuruwa.