Hajiya, bokiti mai murfi za ki nema, ba jaka ba

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya da dare. Kin ce gidanku yana kusa da kogi a Haɗeja, damina ta kankama, kina so ki haɗa kayan da za ku sura ku fita idan ruwa ya shigo, amma kin rasa me za ki ɗauka, me za ki bari. 'Yan'uwa sun ba ki amsoshi, Allah ya saka musu, sai dai kayan da wasu suka lissafa miki sai an kira mai amalanke kafin su tashi daga ƙasa. Bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Ni a Gwange nake, cikin Maiduguri. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, ina cikin waɗanda suke ganin sun shirya. Mun kwana biyu muna kallon yadda kogin Ngadda yake cika, dattawa kuma suna ta tuna mana ambaliyar 1994. Sai na samo babbar jakar nan ta Ghana-mas-go na danƙara mata kaya: atamfofin maiɗakina, shaddodina, shinkafa kwano uku, har da dutsen guga, don Allah ki ji. Lokacin da ruwa ya kai mana ƙugu a tsakar gida, yaro yana wuyana, hannuna ɗaya yana riƙe da mahaifiyata, da wane hannun zan ɗauki jakar? Na gwada ja, ta sha ruwa ta yi nauyin buhun siminti, zif ɗin ya fashe. A zaure muka bar ta. Maganin hawan jinin tsohuwa kuwa yana can ƙasanta, ƙarƙashin shinkafa.

A hanya wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta wuce mu da bokitin fenti a ka, irin mai lita 20 ɗin nan, murfinsa a danne. Inda ruwa ya yi zurfi sai ta sauke shi, ya yi ta yawo a saman ruwa tana tura shi gabanta. Da muka isa makarantar da aka tsugunar da mu ta buɗe, komai a bushe. Daga baya bokitin nan shi ne abin ɗibar ruwanta, shi ne kujerarta, a ciki take wanki. Tun ranar na sallama. Ki sami irinsa, ki wanke, ki tabbata murfin yana kamawa tsam. Abin da bai shiga ciki ba, to ba na tafiya ba ne.

Abin da zai fara shiga takardu ne, don su ne suka fi ba mu wuya bayan ruwa ya janye. Tufafi ana ba ka, abinci ana ba ka, amma babu mai ba ka takardar gidanka. Katin zama ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun haihuwar yara da na makaranta, takardar fili, katin asibiti. Ki sa a leda ki ƙulle, ki sake sawa a wata ledar. Ki kuma ɗauki hotonsu ki tura wa ɗan'uwa da yake wani gari. Wani abokina ya yi watanni yana zarya kan takardar shaidar karatunsa da ta zama kamar kunu.

Sai kuɗi a hannu, kuma canji. A kwanakin ambaliyar sabis yana zuwa yana ɗaukewa, masu POS su ma gudun ransu suke yi. Mai 'yan ɗari biyu da ɗari biyar a aljihu ya fi mai miliyan a banki samun burodi.

Magani a sama za ki sa shi, kada ki maimaita wautata. Duk wanda yake shan magani kullum a gidan, na hawan jini ne, na ciwon sukari ne, na asma ne, ki ware masa na sati biyu. Ki haɗa da farasitamol da ƙullin ORS, saboda bayan ambaliya amai da gudawa ne suke biyo baya, mu ma a Borno kwalara ta ɓulla makonni kaɗan bayan ruwan. Idan babu ORS, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, shafaffu ba tuli ba, da rabin cokali na gishiri a ruwa mai tsabta lita ɗaya. Ruwan sha kuma kada ki ce za ki ɗauki jarka, lita 20 kilo 20 ce. 'Yan ledojin fiya wata da ƙwayar tsabtace ruwa sun isa.

Abinci, wanda ba ya neman wuta: garin kwaki, sukari, ƙuliƙuli, dabino, madarar gari idan akwai ƙananan yara. Shinkafa ɗanya a wurin da babu tukunya babu itace, kallonta kawai za ki yi.

Tocila, ashana a leda, sabulu, gidan sauro ko da guda ɗaya ne. Sauron da ke biyo bayan ruwa ba irin wanda kika sani ba ne. Ƙaramar waya mai maɓalli ta fi babbar amfani, ta maiɗakina ta yi kwana huɗu da caji ɗaya, tawa kuwa kafin magariba ta mutu.

Maiɗakin nawa ta ce lallai in ƙara miki biyu. Audugar mata, don a cikin taron nan babu wadda za ki iya roƙa ba tare da kunya ba. Da zannuwa biyu masu ƙwari. Da zani ta goya, da shi ta yi labule, a kansa muka kwantar da tsohuwa. Takalmi kuma ba silifa ba, ruwa yana zare su tun a taku na uku, ƙasa kuwa ga kwalabe ga ƙusoshi, ga kwalbatin da ba a gani. Na roba mai maɗauri za ki ajiye kusa da bokitin.

Yaran nan, ki rubuta sunan kowa da lambar waya biyu a takarda, ki naɗe a leda ki sa masa a aljihu tun ranar da kika ga kogi ya fara canza fuska. Na ga uwaye suna bi aji-aji suna kiran sunan 'ya'yansu, ba na fatan ki ga irin wannan. Ku kuma tsayar da wuri ɗaya a kan tudu da kowa ya sani, inda za a haɗu idan an rabu.

Idan kin gama haɗawa, ki goya ƙaraminku, ki ɗora bokitin a ka, ki zaga tsakar gida sau biyar. In kin ji wuyanki ya amsa, ki buɗe ki rage. Nawa yana nan bayan ƙofar ɗaki, duk farkon damina nake buɗewa in sauya garin da magungunan da suka kusa lalacewa. Allah ya tsare ku da mutanen Haɗeja baki ɗaya.