Shin in an ba da ɗan wasa aro, kulob ɗin ya gaji da shi ne?

Ɗan uwa ba lallai ba. Duba Victor Moses mana, Chelsea ta ɗauko shi daga Wigan a 2012, ta yi ta yawo da shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, kowa ya ce ai ya gama a Chelsea. Sai koci Antonio Conte ya zo Chelsea 2016 ya sa shi a gefen dama, hawa da sauka kamar ba ya gajiya, suka ci firimiya. Shi aro amfaninsa yaro ya samu buga wasa maimakon dumama benci, kuma galibi kulob ɗin da ya karɓa yana biyan wani kaso na albashi. Amma gaskiya aron da Moses ya je Spartak Moscow hanyar sallama ce, can aka sayar da shi.