Kwalekwale ko kayak, wanne ya fi wajen ɗaukar hoton tsuntsaye?

Tambaya: Salam Malam, ina ɗaukar hoton tsuntsaye a Baturiya, can Kirikasamma, naga kayak na roba (wani ɗan siririn jirgin ruwa da mutum ke tuƙa kansa da filafili) a intanet ina so in saya, ko dai kwalekwale ya fi? Daga mai karatu a Hadejia.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Gaskiya ni kwalekwalen katako mai faɗin ciki zan ce maka, irin wanda masunta ke turawa da gora. Kaga a kayak kai ne matuƙi kai ne mai hoto, hannunka biyu na kan filafili, kafin ka ɗago kyamara tsuntsun ya tashi, ga shi siriri ne motsi kaɗan hoto ya lalace. Amfaninsa dai kana zaune dab da ruwa, hoton agwagwa ido da ido yana fita sosai. Amma fadamar Hadejia-Nguru, inda Baturiya take, ciyawar kachala ta toshe hanyoyi da yawa sai wanda ya san wurin, dan haka nemi masunci ka biya shi ya tura ka a hankali, banda kwalekwale mai inji, ƙararsa korar tsuntsayen take. Ka je da sassafe tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin baƙin tsuntsaye daga Turai suna nan. Kyamara cikin leda, rigar kariya kuma dan Allah kar ka cire ta.